Kaza Ta Kwana a Kan Dami: Manhajar Kyauta da Littafinta

Na yi niyyar ci gaba da maganar da muka faro makon jiya a kan yadda ɗalibai ke shirya wa jarrabawa, amma wani abu ya faru a unguwarmu ta Mabera wanda ya tsaya mini a rai, na ga gara in kawo shi tun da zafinsa, mu koma wa waccan maganar daga baya in Allah Ya yarda.

Daren Larabar da ta gabata an kwana ana tafka ruwa a Sakkwato, kuma duk wanda ya san Mabera ya san abin da ke biyo bayan irin wannan ruwa: hanyoyi su koma gulbi, masu babur su ƙara kuɗi, wuta kuma a ɗauke ta sai yadda hali ya yi. Da hantsin Alhamis ina tsaye a ƙofar gida ina lissafin inda zan taka, sai ga kiran wata ɗalibata 'yar ajin ƙarshe wadda nake duba kundin digirinta. Muryarta na rawa take gaya mini cewa kundin ya lalace a shagon da ake buga mata, ga shi kuwa ranar Litinin za a rufe karɓa, wanda bai miƙa ba kuma sai dai ya jira wata shekara. Da yake shagon ba shi da nisa da gidana, sai na tattare bakin wando na taka.

Mai shagon matashi ne da ya gama difloma, ya haɗa kwamfutoci uku da firinta da ɗan ƙaramin janareta, da su yake ciyar da mahaifiyarsa da ƙannensa. Labarin da ya ba ni shi ne labarin shagunan buga takardu da yawa a garuruwanmu. Manhajar rubutun da ke kan kwamfutocinsa kwafin sata ce, irin wadda masu gyara ke ɗora wa mutum a kan 'yan kuɗi kaɗan. Ta yi masa aiki shekara biyu, rana ɗaya ta kulle ta ce sai an shigar da lasisi. Garin neman wani kwafin satar aka kwaso bairos, har sai da aka wanke kwamfutocin gaba ɗaya. Wani abokinsa ya zo da filashi ya ɗora masa LibreOffice, ya ce masa kyauta ce kuma ba ta sata ba ce, ya yi tafiyarsa. Da aka buɗe kundin yarinyar a cikinta sai lambobin shafi suka rikice, ƙunshiya ta daina dacewa da babuka, ƙasa ta koma }asa, ɗalibi ya koma ]alibi, tun daga tsakure har zuwa manazarta.

"Allah shi gafarta Malam, wagga manhaja ba ta da kirki," in ji shi. Na tambaye shi ko ya duba littafinta. Kafin ya buɗe baki ɗalibata ta ce, "Malam, ashe manhaja ma tana da littafi?" Shi kuwa ya ce wallahi ya nema. Ya danna maɓallin taimako, manhajar ta ce sai da intanet. Ya sa data ya shiga bincike, ya faɗa wani shafi mai manyan koren maɓallai, duk wanda ya danna sai ya sauko masa da wata tarkacen manhaja da bai nema ba. Daga ƙarshe ya samu wani littafi ya sauke, amma hotunan da ke cikinsa ba su yi kama da abin da ke gabansa ba ko kaɗan. Na ce ya nuna mini. Ina dubawa sai na ga littafin OpenOffice.org ne na fitowa ta uku, wanda aka rubuta tun wannan matashi yana firamare.

Tambayar ɗalibata da wahalar mai shago su ne suka sa ni wannan rubutu, domin su biyun sun nuna ciwo ɗaya. Mun saba karɓar na'ura ba tare da littafinta ba. Wayar hannu ce ko janareta ko injin ban ruwa, ana buɗe kwali sai a jefar da takardar da ke ciki, a nemi wanda ya riga mu saye ya nuna mana. Koyon gani da ido yana da amfaninsa, da shi maƙera da masaƙa da madunka suka riƙe sana'o'insu shekaru aru-aru. Sai dai iyakarsa ita ce iyakar sanin wanda ya koya maka. In ubangidanka a shagon kwamfuta da hannu yake rubuta ƙunshiya, yana danna ɗigo ɗaya bayan ɗaya har ya kai ga lambar shafi, kai ma haka za ka yi, yaronka ma haka zai yi, kuma ranar da aka sauya muku manhaja ko aka ƙara sakin layi ɗaya a babi na biyu, aikin mako guda ya rushe. Abin mamaki shi ne a fagen karatun addini ba ma yarda da wannan. Babu almajirin da zai ce ya san fiƙihu don ya ga yadda malaminsa ke alwala, sai ya ɗauki littafi ya zauna an biya masa baƙi da fassara. Da muka zo ga kayan aikin da muke cin abinci da su, sai muka ajiye wannan tarbiyya a ƙofar shago.

Bari in ɗan ba da tarihin manhajar, domin a cikinsa ne dalilin ɓatan mai shagonmu yake. Asalinta wata manhaja ce mai suna StarOffice ta wani kamfanin Jamus, Star Division. Kamfanin Sun Microsystems na Amurka ya saye shi a 1999, a shekarar 2000 kuma ya buɗe tushen manhajar ga duniya, wato ya saki rubutun da aka gina ta da shi domin kowa ya gani, ya gyara, ya rarraba. Daga nan aka samu OpenOffice.org, wadda fitowarta ta farko ta zo a 2002. A farkon 2010 kamfanin Oracle ya saye Sun, masu aikin sa kai da yawa ba su natsu da sabon maigidan ba, sai suka ware a watan Satumba na wannan shekarar suka kafa gidauniyar The Document Foundation, wadda mazauninta ke Berlin, suka ci gaba da aikin da sunan LibreOffice. A 2011 Oracle ya miƙa tsohuwar OpenOffice ga gidauniyar Apache. Ke nan yau akwai 'yan uwa biyu masu kama da juna. Ita Apache OpenOffice tun fitowarta ta 4.1 a 2014 ƙananan gyare-gyare kawai ake yi mata, ita kuwa LibreOffice sau biyu a shekara take fitar da sabon zubi, a Fabrairu da Agusta. Tun daga 2024 lambar zubin ma ta koma shekara da wata, wato 24.2 tana nufin Fabrairun 2024, 25.8 kuma Agustan 2025. Wanda bai san wannan rabuwa ba, ya rubuta sunan da ya saba ji a wajen bincike, to tsofaffin littattafan 'yar uwar ne za su fara tarbarsa, kamar mai neman gidan ƙane aka kai shi kangon da wa ya tashi.

To ina littafin yake? Yana gidan masu manhajar, a adireshin documentation.libreoffice.org, ba ya kuma buƙatar rajista ko kuɗi ko lambar waya. Duk shafin da ya nemi ɗaya daga cikin waɗannan kafin ya ba ka littafin, ka fita daga cikinsa. Littattafan guda bakwai ne manya. Akwai na mai farawa, Getting Started Guide, wanda ya tattaro komai a taƙaice, sannan kowane sashe na manhajar yana da nasa: Writer na rubutu, Calc na jadawalin lissafi, Impress na gabatar da jawabi a majigi, Draw na zane, Base na rumbun bayanai, Math kuma na rubuta ƙa'idojin lissafi. Yawancinsu ɗaruruwan shafuka ne da hotuna, ana sauke shi a matsayin PDF, kuma nauyinsa bai kai na bidiyon barkwanci biyu ko uku da muke tura wa juna a WhatsApp kullum ba. Kafin ka sauke, ka buɗe manhajarka ka duba lambar zubinta a ƙarƙashin Help, sannan ka zaɓi littafin da lambarsa ta fi kusa da ita, domin masu aikin sa kai ne ke rubuta littattafan, wani lokaci manhajar kan riga su fitowa da zubi ɗaya ko biyu. Wannan ɗan bambanci ba ya hana fahimta.

Shi kuma maɓallin taimako, wato F1, da ya ce wa mai shagonmu sai da intanet, ba laifinsa ba ne. Ga masu amfani da Windows, kunshin taimakon dabam yake da manhajar, a shafin da ake sauke ta ake samunsa a ƙarƙashinta, ƙaramin fayil ne. Abokin da ya kawo filashi manhajar kawai ya ɗauko ya bar wancan. Da zarar an ɗora shi, F1 zai riƙa buɗe bayani daga cikin kwamfutar ko da babu sabis a garin baki ɗaya.

Wani zai ce mene ne na dagewa a kan saukewa, alhali ana iya karanta komai kai tsaye a intanet, ko a kalli bidiyon koyarwa a YouTube? Mai wannan tambaya ina zaton bai daɗe a ƙasar nan ba. A watan Satumba na 2021 an rufe layukan sadarwa a jihar Zamfara, sannan aka rufe a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na jihar Sakkwato saboda matsalar tsaro, mutane suka yi makonni sai sun yi tafiya kafin su kira 'yan uwansu. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin intanet da ke ƙarƙashin teku a gabar Afirka ta Yamma suka samu matsala, bankuna da ofisoshi suka tsaya cik a ƙasashe da dama. A Janairun 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanoni su ƙara kuɗin kira da data har zuwa kashi 50 cikin ɗari. Ka haɗa waɗannan da halin wutar lantarki, za ka ga ilimin da sai da intanet ake kai wa gare shi ilimi ne da ke hannun wani, yana ba ka ran da ya ga dama. Bidiyo kuma duk ranar da ka manta sai ka sake biyan data ka kalla, ba ka kuma iya neman kalma ɗaya a cikinsa. Littafin da ka sauke yana cikin wayarka da filashinka, kana iya tura wa mutum goma ba tare da ko sisin data ba, kana iya buga babin da ka fi buƙata ka ajiye kusa da firinta.

Abin da muka yi ke nan ranar Alhamis ɗin. Na sauke littafin Writer a wayata muka zuba a kwamfutarsa, na ja kujera na ce shi zai karanta, ni sai dai in taya shi inda Turanci ya yi tsauri. Matsalar lambobin shafi ita muka fara da ita. Kowane ɗalibi ya san ƙa'idar: shafukan farko, su sadaukarwa da godiya da tsakure, da ƙananan lambobin Romawa ake ƙirga su, babi na ɗaya kuma ya fara daga 1. Da can mai shagon fayil biyu yake yi, ko ya rufe lambar da farin akwati ya rubuta wata a kai. Littafin ya nuna masa cewa kowane shafi yana da abin da ake kira salo, sai ya yi salo ɗaya na shafukan gabatarwa ya ba shi lambobin Romawa, ya yi wani na gundarin aiki, ya raba su da tsallaken shafi wanda zai sake ƙirga daga 1. Ƙunshiya ma haka. In aka sanya wa kowane kan babi da ƙaramin kanu salon kanu maimakon a ƙara masa girma da kauri da hannu, manhajar da kanta take tattara ƙunshiya da lambobinta, in an yi gyara kuma dannawa ɗaya ta isa ta sabunta. Da ya ga ƙunshiyar shafi uku ta fito cikin ƙiftawar ido sai ya yi shiru, can ya ce, "Malam, shekara huɗu ina yin wanga aiki da hannu."

Maganar baƙaƙe masu ƙugiya tana da nata tarihin. A shekarun 1990, lokacin da kwamfutoci ba su san ƙ da ɗ da ɓ ba, Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya ƙirƙiro zanen haruffa na Rabi'at da Abdalla, waɗanda suka ɗora baƙaƙenmu a kan wasu maɓallan da Hausa ba ta amfani da su. Wannan hidima ce babba, da ita aka buga littattafai da kundaye masu ɗimbin yawa. Sai dai a irin wannan tsari abin da ke cikin fayil ɗin alamar baka ce, zanen ne kawai ke nuna ta a matsayin ƙ, saboda haka duk kwamfutar da ba ta da zanen sai ta tona asiri. Abin da ya samu kundin ɗalibata ke nan bayan an wanke kwamfutocin, manhajar ba ta da hannu a ciki. Yau tsarin Unicode ya ba kowane baƙi namu lambarsa ta dindindin: ƙ ita ce U+0199, ɗ ita ce U+0257, ɓ kuma U+0253. A cikin Writer in ka rubuta lambar ka danna Alt da X tare, sai baƙin ya fito, wanda ya fi wannan sauƙi kuma shi ne ka kunna allon madannai na Hausa da ke cikin Windows. Muka yi amfani da nema da musanyawa muka mayar da alamomin nan shida, manya da ƙanana, zuwa baƙaƙe na gaskiya, muka bi manazarta da ido saboda wuraren da baka ta asali take. Masu rubutun ajami su ma manhajar tana karɓar rubutu daga dama zuwa hagu in an kunna mata, akwai kuma zanen haruffa na kyauta irin su Harmattan da Alkalami da ƙungiyar SIL ta yi domin ajamin wannan yanki namu.

Kada a ce na zo tallar manhaja, bari in faɗi inda take da rauni. Takardar da aka tsara da Microsoft Word, musamman mai jadawali da zane da yawa, ba kullum take buɗewa daidai a LibreOffice ba, haka ma in aka juya. Wani lokaci zanen haruffan ne ya bambanta, sai layuka su motsa, shafuka su ƙaru. Akwai dabaru, kuma suna cikin littafin: ka yi aikinka a tsarin manhajar na asali, ODF, wanda hukumar ma'auni ta duniya, ISO, ta amince da shi tun 2006, in za ka ba wani ya gyara ka adana masa kwafi a tsarin docx, in kuwa bugawa za a yi ka mayar da shi PDF, domin shi ba ya motsi ko a wace kwamfuta. Haka kuma ɗalibin da zai nemi aiki a banki ko kamfani ya sani cewa Excel da Word za a tambaye shi, saboda haka ya koyi duka biyun, abin da ya koya a nan na salo da jadawali zai yi masa amfani a can. Ko a Turai ba a taru a kan ra'ayi ɗaya ba. Birnin Munich na Jamus ya yi shekaru yana amfani da manhajoji masu buɗaɗɗen tushe, a 2017 majalisarsa ta yanke shawarar komawa Windows. A ɗaya ɓangaren, jihar Schleswig-Holstein ta arewacin ƙasar ta sanar a 2024 cewa za ta mayar da kwamfutocin gwamnati kimanin 30,000 zuwa LibreOffice. Darasin da nake ɗauka daga irin waɗannan labarai shi ne ɗora manhaja aikin yini ɗaya ne, koyar da masu amfani da ita shi ne aikin shekaru.

Amma mu tamu matsalar ta fi ta Munich tsanani, domin su suna zaɓe ne tsakanin halal biyu. Mai shago a Mabera ba ya iya biyan lasisin da ake lissafa shi da dala, ga kuma canjin kuɗi yadda ya koma. Abin da ya rage masa shi ne kwafin sata, wanda Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, da aka sa wa hannu a Maris 2023, ta haramta, kuma Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi tun a zamanta na Kuwait a 1988 ta tabbatar da cewa haƙƙin mawallafi da na mai ƙirƙira haƙƙi ne da shari'a ke karewa. Mu malamai da ke korar ɗalibi saboda satar fasaha a kundinsa, ya kamata mu ji nauyin cewa kundin da muka sa wa hannu da manhajar sata aka buga shi. Bugu da ƙari, tun ranar 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa Office 2016 da 2019, waɗanda kwafinsu ya cika shagunanmu, ke nan ko ɓarakar tsaro aka gano a cikinsu babu mai toshe ta. A cikin waɗannan kwamfutoci kuwa ake ajiye takardun haihuwa da sakamakon jarrabawa da lambobin shaidar ɗan ƙasa na mutanen unguwa.

Saura magana ɗaya, ita ce ta fi damuna. Littafin da Turanci yake. An fassara sassansa zuwa harsuna irin su Faransanci da Jamusanci da Sifaniyanci da Fotugis, har da harshen Cek wanda masu magana da shi ba su kai mutanen jihar Kano yawa ba, amma babu Hausa a cikin jerin. Babu kuwa wanda ya hana mu. Lasisin Creative Commons da ke kan littattafan ya yarje wa kowa ya kwafa, ya buga, ya fassara, ya ma sayar, da sharaɗin ya ambaci waɗanda suka rubuta. Sun kuma ajiye kwafin da ake iya gyarawa, wato mai fassara zai buɗe fayil ɗin ya maye gurbin Turanci da Hausa, hotuna da tsari suna nan yadda suke. Ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba.

Ina ganin babu garin da wannan aiki ya fi cancanta da shi kamar Sakkwato. Shehu Usmanu da ƙanensa Abdullahi da ɗansa Muhammadu Bello sun rubuta manyan littattafai da Larabci domin malamai, amma ba su bar makiyayi da manomi a baya ba, sun isar musu da saƙo da Fulatanci da Hausa. Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta fassara, ta taƙaita, ta kuma tsara jajis da 'yan taru waɗanda ke ɗaukar karatu su kai wa mata a ƙauyuka. Abin da ta fahimta shi ne ilimi sai an sa shi a harshen mai buƙata, an kuma kai masa har inda yake. A zamanin boko ma an yi Hukumar Fassara da Kamfanin Gaskiya da NORLA a Zariya, aka fitar da littattafan kimiyya da kiwon lafiya da sana'a da Hausa, a 1990 kuma Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya tace ƙamus na keɓaɓɓun kalmomin nazarin harshe da adabi. Ashe hanya a share take, masu binta ne suka yi ƙaranci.

Saboda haka ina miƙa shawara ga abokan aikina a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, musamman Sashen Nazarin Harsunan Nijeriya da Cibiyar Nazarin Hausa da sashen kimiyyar kwamfuta, da takwarorinsu a Jami'ar Jihar Sakkwato da Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi. Kowace shekara ɗalibanmu na fassara suna neman abin da za su fassara domin kundin digiri, a ɗaure aikin da baƙar fata a jera a kanta, ƙura ta rufe shi. Me zai hana a raba babukan littafin mai farawa a tsakaninsu, kowane ɗalibin Hausa a haɗa shi da ɗalibin kwamfuta, malamai su zauna su daidaita kalmomi domin kada wannan ya ce fayil wancan ya ce kundi, sannan a kai abin da aka fassara shagunan Mabera da Kofar Atiku da Runjin Sambo a gwada shi a kan masu sana'ar kafin a ba da maki? In mai shago ya karanta ya iya raba lambobin shafi ba tare da an nuna masa ba, fassara ta yi. Cikin zango biyu ko uku za a iya kammala littafi guda, a miƙa wa gidauniyar ta ajiye shi a jerin sauran harsuna, ɗan Maraɗi da ɗan Kumasi su sauke kamar yadda ɗan Gwadabawa zai sauke. Kuɗin da aikin ke buƙata bai kai na taron bita ɗaya a otal ba.

Kafin a kai ga wannan, akwai abin da kowa zai iya yi a makon nan. Ɗalibi ya sauke littafin Writer tun yana aji ɗaya, ya karanta babin salo kafin ya rubuta kalmar farko ta kundinsa. Malamin da ke koyar da darasin kwamfuta na bai ɗaya ya zuba littattafan bakwai a filashi ya ba wakilin aji. Mai ɗora wa mutane manhaja ya ji tsoron Allah ya haɗa musu da kunshin taimako da littafi, kada ya ba mutum doki ya riƙe linzami. Masu shaguna kuma su sani cewa buga waɗannan littattafai da sayar da su halal ne a doka, sana'a ce a cikin sana'a.

Ɗalibata ta miƙa kundinta ranar Litinin da safe, saura gyare-gyaren da na ba ta a babi na huɗu, waɗanda babu manhajar da za ta yi mata su. Jiya da yamma na bi ta ƙofar shagon, ruwa ya janye ya bar laka, na tarar mai shagon ya buga babi biyu na littafin Calc ya ɗaure su da zare, yana bi da biro yana rubuta ma'anar kalmomi da Hausa a gefen shafi, irin yadda almajirai ke yi wa littattafansu. Ya ce wani mai kantin magani ne ya nemi ya tsara masa lissafin kaya, yana so ya koya kafin ya karɓi aikin. Na roƙe shi kada ya yar da waɗannan takardu in ya gama, domin ranar da za a zauna daidaita kalmomi ina so in zo da su.

Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.